Ga ɗalibin Tawa da ya tambaya ko bibliyotek ɗin jami'a na da sauran amfani

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Na ga saƙonka, ka ce kana shekarar ƙarshe ta lisans a Tawa, bana za ka rubuta memuwar, wato kundin binciken gama karatu, kan kasuwancin albasa, kuma abokanka na ce maka zuwa bibliyotek ɓata lokaci ne tunda komi na cikin salula yanzu, sannan kana ganin ana liƙa takardun sanarwa a ƙofa, yau horo gobe nunin littattafai, amma ba ka san ko abin ya shafe ka ba. To ni aikina ke nan, na daɗe ina aikin ɗakin karatu a wata babbar makaranta nan Yamai, bari in ba ka amsa a tsanake ko da za ta yi tsawo.

Abokanka suna da gaskiya ta gefe guda, in dai ma'anar wata kalma ta tattalin arziki kake nema ko darasin da malami ya yi a amfi ba ka gane ba, salula ta ishe ka, ba sai ka taka ko'ina ba. Amma memuwar ba darasi ba ne. Ranar sutnans, wato ranar kare aikinka gaban malamai, tambayar farko da juri za su yi maka ita ce wa ya riga ka aiki kan wanga batu kuma mi ya samu, kai kuma mi ka ƙara. Kuma abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne mafi yawan abin da anka rubuta kan ƙasarmu, musamman aikin ɗaliban da sunka gabata, ba ya cikin intanet ko kaɗan. Shina nan kan kanta, an ɗaure shi da zoben roba, bango shuɗi ko kore da leda a sama, ƙurar hunturu ta kwanta mishi, wani ma kwafi guda ne tak a duniya duka. Wani yaro ɗan Galmi ko Madawa ko Ƙonni ya sha rana ya bi manoma gona gona, ya zauna da dillalai a tasha, ya tambayi masu rudun ajiya nawa ke ruɓewa kafin farashi ya tashi, ya rubuta, ya yi sutnans ya tahi neman abinci, aikin nashi ya tsaya nan. Google bai san da shi ba. Kai da za ka yi aiki kan albasa in ba ka buɗe irin waɗannan ba, za ka sake yin tambayoyin da anka riga anka yi, kuma za ka rasa abu mafi daɗi, wato ka kwatanta abin da ya gani shekarun baya da abin da kai za ka gani bana.

Saboda haka abu na farko, ka shiga ka ce a nuna maka inda ake aje memuwar da tez, wato kundin binciken digirin dokta. A mafi yawan wurare ba a fita da su waje, nan za ka zauna ka karanta, ka zo da kart ɗinka na ɗalibi da littafin rubutu. Ka fara da buɗe shafukan ƙarshe inda mai aikin ya jera littattafan da ya karanta, daga nan za ka ga sunayen da ke ta maimaituwa, waɗannan su ne mutanen da dole ka nemo. Memuwar ukku ko huɗu masu kyau sun isa su buɗe maka hanya.

Sannan ka koyi lambar da ke manne a bayan littafi, mu kot muke ce mata. Yara da yawa na shigowa suna yawo tsakanin kantoci suna karanta suna ɗaya ɗaya har su gaji su fita su ce babu komi, alhali an jera littattafan ne bisa tsari. In tsarin Dewey ake bi, 330 tattalin arziki ne, 340 shari'a, 380 kasuwanci da sufuri, 610 likitanci, 630 noma, kayan lambu irin su albasa suna 635, tarihin Afirka 960, namu na Nijar kuma 966.26. Wasu ɗakunan na bin wani tsarin mai suna CDU, wanda ya yi kama da shi a manyan rassa, 33 tattalin arziki, 34 shari'a, 63 noma. Kai batunka ya raba ƙafa, dole ka duba noma ka duba kasuwanci. In akwai katalog a ordinatar, galibi PMB ko Koha ne, ka buga kalma guda ko biyu kawai, kada ka buga dukan sunan memuwar ɗinka domin ba abin da zai fito, ka rubuta kot ɗin a takarda ka tahi kanta, kuma in ka samu littafin ka dubi maƙwabtanshi na dama da na hagu, sau da yawa wanda kake buƙata na gaskiya shi ne na kusa da shi.

Yanzu batun sanarwar da kake gani a ƙofa, a nan ne nake so ka buɗe kunne, domin ni a ganina ita ce ɓangaren aikinmu da ya fi amfani a wanga zamani kuma ita ce ɗalibai sunka fi rainawa. Labarin bibliyotek ba labarin biki ba ne, galibi abu ne kamar an samu sabbin littattafai ga jerinsu, an canza lokacin buɗewa saboda jarrabawa ko azumi, an buɗe hanyar shiga wani rumbun mujallu na ɗan lokaci don gwaji, za a yi horo ranar kaza ƙarfe kaza. Wanda ya karanta ya mora, wanda bai karanta ba sai bayan an rufe ya zo shina tambaya.

Ɗauki misalin Research4Life. Shiri ne da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sunka haɗa da manyan kamfanonin buga mujallun kimiyya, domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu karanta abin da a wani wuri sai an biya kuɗi masu yawa. Hinari na kiwon lafiya ya fara a 2002 tare da OMS, hukumar lafiya ta duniya, AGORA na noma a 2003 tare da FAO, hukumar abinci da noma, OARE na muhalli a 2006, ARDI na ƙere-ƙere a 2009, GOALI na shari'a a 2018. Nijar na cikin rukunin ƙasashen da ke shiga kyauta. Amma ba mutum ɗaya ke yin rajista ba, makaranta ce ke yi, kuma mabuɗin shiga a hannun ma'aikatan ɗakin karatu yake zama. Ka ga ke nan makalar da kake buɗewa a salula a ce maka sai ka biya dala talatin ko arba'in na Amurka, kuɗin da sun fi jikka goma sha biyar, mai yiwuwa ita ce za ka sauke kyauta in ka bi ta ƙofar da ta dace. Wallahi abin na ci mini rai in na ga ɗalibin likitanci ko na noma ya kai shekarar ƙarshe bai taɓa jin sunan Hinari ko AGORA ba. Kai AGORA ce taka, ka je ka tambaya kai tsaye, kuma in an ba ka mabuɗin kada ka watsa shi a grup na WhatsApp, amana ce, in anka ga ana wasa da shi ana iya rufe wa makarantar duka.

Akwai kuma waɗanda ba su buƙatar mabuɗi sam, sai dai a nuna maka su. Persée na da tsofaffin mujallun Faransa na tarihi da labarin ƙasa da zaman jama'a, kuma an yi rubutu mai yawa a ciki kan Adar da Gobir da Arewa. OpenEdition da HAL haka, theses.fr kuma za ta nuna maka tez ɗin da anka yi a jami'o'in Faransa, cikinsu har da na 'yan Nijar da yawa. AJOL na tara mujallun Afirka, a nan za ka ga aikin maƙwabtanmu na Sakkwato da Zariya da Kano, kuma su ma suna noman albasa suna saye daga gare mu, kada turancin Ingilishi ya sa ka guje su. A gida kuma RECA, wato haɗakar majalisun manoma, na fitar da ƙananan takardu kan noma da farashi da ajiya, har da rumbunsu na Duddal, LASDEL, cibiyar bincike kan zaman jama'a da anka kafa nan Yamai a 2001, na saka bincikensu kyauta, alƙaluma kuma ka nemi na INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Duk waɗannan a zama guda na awa biyu ake nuna su a irin horon da kake wucewa ba ka kallo.

Horo na biyu da ba na so ya wuce ka shi ne na Zotero. Manhaja ce ta kyauta da ke tara maka duk abin da ka karanta, suna da shekara da shafi, in ka zo rubutu ita ke jera maka su a ƙarshen aiki bisa tsarin da malaminka ke so. In da za ka ga yadda ɗaki ke yi a irin wanga zama, yara sun jeru biyu biyu ukku ukku kan ordinatar guda, wasu da tasu a cinya ana rabon wurin caji, mai horo ya ce kowa ya danna nan, sai jerin littattafai ya fito tsaf cikin daƙiƙa, sai ka ji ɗakin ya ɗauki kabbara da salati, domin akwai wanda ya kwana biyu shina buga wannan jerin da hannu. Kuma a wurin ne ake bayanin abin da ake kira satar rubutu. Da yawa ba mugunta ke sa su ba, ba a taɓa zaunar da su an ce in ka ɗauki jimlar wani ga yadda za ka nuna tashi ce, in ka ɗauki ra'ayinshi ka faɗa da bakinka ma sai ka ambace shi ba. Kopiye-kole kuwa malamai sun gane shi, akwai manhajojin da ke tono shi, kuma abin kunya ne a tsayar da mutum gaban iyayenshi ranar sutnans a ce wanga shafi ba naka ba ne.

Tunda mun zo nan bari in taɓo ChatGPT da 'yan uwanshi, don na san kuna amfani da su. Ban ce haram ba ne, shina iya taimaka maka ka gane abu mai wuya ko ka gyara faransancinka. Amma kada ka tambaye shi jerin littattafai ka kwafa ido rufe. Yakan ƙirƙiro sunan marubuci da sunan makala da shekara, komi ya yi kyau a ido, ka je nema ka tarar babu ita a duniya. Yara na kawo mana irin wagga takarda suna cewa a nemo musu, mu bincika ko'ina babu. Doka guda ce, abin da ba ka buɗe da idonka ka karanta ba kada ya shiga memuwar ɗinka.

Sauran abubuwan, kamar zagayen da ake yi da sabbin ɗalibai farkon shekara, da nunin littattafai na 23 ga Afrilu ranar littafi ta duniya, da makon buɗaɗɗen ilimi da ake yi a ƙarshen Oktoba a ƙasashe da yawa, da ranar da wani malami zai gabatar da sabon littafinshi, in ka samu sarari ka leƙa. Na gabatar da littafi ya fi, domin nan za ka ga malami a waje da aji ka yi mishi tambaya.

In Allah ya kawo ka Yamai lokacin hutu, akwai wurin da nake so ka sa ƙafa ko da bai shafi albasa kai tsaye ba, wato IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni. Ita jami'ar ta fara ne a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, a 1992 anka sa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar hasken rana da ya taɓa shugabantarta, amma IRSH ta girme ta, tushenta tun zamanin IFAN ne, cibiyar bincike ta lokacin Turawa. Su ke fitar da jerin littattafan Études Nigériennes, kuma a cikin wanga jeri ne littafin Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa ya fito a 1975, mutumin da jami'arku ta Tawa ke ɗauke da sunanshi yau. Ni ina ganin bai kamata ɗan Adar ya gama jami'a bai riƙe wanga littafi a hannu ba. A can kuma akwai sashen rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami, kusan dubu huɗu, wanda Boubou Hama ya fara tarawa lokacin shina shugaban majalisar dokoki. Akwai fiƙihu da tauhidi da nahawu, akwai tarihi da wasiƙu da waƙoƙi da magani, wasu da Hausa wasu da Fulatanci cikin baƙaƙen larabci. In ka ga yadda suke, warƙa warƙa ne ba a ɗinke ba, an sa su tsakanin bango biyu na fata an ɗaure da igiya, tawada ta koma ruwan ƙasa, wasalin da ja, a ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafi na gaba don kada su ruɗe in sun watse, gefen wasu gara ta ci ta bar ramuka. Ba a ɗaukarsu da gaggawa, ba a lasar yatsa a juya, ana sa su cikin akwatin kwali na musamman a kare su daga laima da ƙwari, ana ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ce maka kakanninmu ba su rubutu ka kai shi can ya gani. Kusa da wanga aiki akwai CELHTO, da ke Yamai tun 1968, su kuma maganar baka sunka tara, ta maroƙa da dattawa masu tarihi. Na ɓangaren ruwan sama da yanayi da amfanin gona kuwa AGRHYMET na nan Harobanda tun 1974.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗakunan karatunmu na da rauni, kuma mu da ke ciki mun fi kowa sani. Jami'o'in Tawa da Maraɗi da Damagaram a 2010 anka kafa su, na Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi a 2014, tara littattafai kuwa aikin shekaru ne masu yawa, ɗalibai na ƙaruwa da sauri fiye da kujeru. Littafin jami'a daga waje ake sayo shi da tsada. Kyautar littattafai da ake kawowa daga Turai wata na da amfani, wata kuwa kwali ne cike da abin da su sunka gama da shi, dokar wata ƙasa ta shekaru talatin baya, mu ɓata makonni muna tantancewa. Ga zafi, ga ɗaukewar wuta, ga rezo da ke zuwa shina tahiya. Duk gaskiya ne. Amma abin da ba ku sani ba shi ne ku ma kuna da hannu a gyaran. Lokacin da za a sayi littattafai ana tambayar sassa su kawo jerin abin da suke so, kuma sau da yawa jerin na zuwa a makare ko ba ya zuwa. In kai da 'yan ajinku kunka rubuta sunayen littattafai biyar da kuke buƙata, da sunan marubuci da shekara, kunka kai wa mai kula da ɗakin kunka ba malaminku kwafi, kun ba shi hujjar da zai kai gaban shugabanni. Haka rajistar da ake cewa ku sa hannu a bakin ƙofa, ba don a takura muku ba ne, da wannan lissafin ake nuna cewa ana shiga, a nemi ƙarin kujeru ko ƙarin lokacin buɗewa.

Kuma don Allah ka ji tsoron Allah game da littafin jama'a. Babu abin da ke ƙona mini zuciya irin in buɗe littafi in tarar an sa reza an yanke babi guda cif, ko a ɓoye shi bayan wata kanta don kada wani ya samu kafin jarrabawa. Littafin da anka aje ba a wurinshi ba daidai yake da wanda ya ɓata, ba mai ganinshi sai ranar ƙidaya. Ka ɗauki hoton shafin da kake so da salula in an yarda, ka maido abin da ka ara kan lokaci.

Mutanen da ke zaune bayan tebur ɗin nan kuma kada ka ɗauke su masu gadin littafi. Da yawa sun yi karatun aikin, wasu a EBAD ta Dakar wadda ke horar da ma'aikatan ɗakin karatu da na adana takardu na ƙasashenmu tun 1967. Sai dai yadda ka yi tambaya haka za ka samu amsa. In ka ce ina neman littafi kan tattalin arziki za a nuna maka kanta da yatsa. In ka ce ina aiki kan yadda farashin albasa ke faɗuwa lokacin girbi ya tashi da damina, da abin da manomi ke asara wajen ajiya, a yankin Galmi, na riga na karanta kaza da kaza, to ka ba mutum abin kamawa, zai tuna da wani memuwar da ya shigar bara, ya tuna da rahoton wani proje da ke cikin kwali ba a riga an jera ba, ya ce ka dawo jibi.

Idan ka gama kuma, bayan sutnans ka yi gyaran da juri sunka ce, ka kai kwafin da ka gyara ɗakin karatu, na takarda da na PDF a kile, kada ka kai tsohon da ke da kurakurai don shi ne zai zauna da sunanka. Ka rubuta taƙaitaccen bayani mai kyau da kalmomin nema biyar ko shidda, domin da su ne za a same ka a katalog. Ka tambaya kuma ko za a iya saka shi a intanet, CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, na da rumbu mai suna DICAMES da anka yi domin tez da memuwar na jami'o'in ƙasashenmu, in malaminka ya amince ka ba da izini a rubuce. Wasu na tsoron wai za a sace musu aiki in ya hau intanet, alhali wanda ke kwance a kanta ba wanda ya san da shi shi ya fi sauƙin sata, wanda ke fili da sunanka da shekara kowa na iya ganin wa ya riga.

Ranar Litinin ka tahi da safe kafin wuri ya cika, ka riƙe kart ɗinka da batunka a rubuce cikin layi biyu, ka tsaya ka karanta duk abin da ke liƙe a ƙofa, ka tambayi ranar horo na gaba ka sa sunanka, in suna da shafin Facebook ko grup na sanarwa ka ce a sa ka. In ka samu memuwar ɗin farko ka turo mini sunayen da ka gani a shafukan ƙarshe in gaya maka waɗanda za ka fara nema. Ka gaida mutanen Tawa.